Kuben Iska

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka wa fasfo riga
a rumfata ta Zangon Agege, gefen layin dogo,
inda wucewar jirgi ke girgiza mini basilla.
Jar fatar akuya, baƙin zare, maɓalli ɗaya.
'Yan goro sun saya, alhazai sun saya,
har wani Bayarabe mai fataucin Abijan
ya ce in yi masa biyu, ɗaya ta damina.

Na san nauyin fasfon da ya sha hanya.
Yakan kumbura, ya ƙi rufuwa,
hatimi bisa hatimi, shuɗi ya hau ja,
gefensa ya yi laushi da gumin mai shi.
Kafin mutum ya buɗe baki
hannuna ya gaya mini inda ya je.

Jiya Hajaru ta dawo daga Ikeja,
ruwa ya jiƙa mata gyale,
cunkoso ya cinye mata awa uku a cikin danfo.
Ta ce, Baba, an ba ni.
Na goge hannu a gaban riga, na ce miƙo.
Na bi shafi shafi ina lasar yatsa.
Babu. Babu.
Fari fat, kamar allon da aka wanke.

Na ce, yarinya, an cuce ki.
Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata.
Wai yanzu ba a liƙa komai,
bizar tana cikin na'ura, tana can kuma tana nan.
Ta latsa waya: ga fuskarta ba murmushi,
ga sunana bayan nata, Tanimu, an rubuta daidai,
ga ranar shiga, ga ranar fita.
Ina cikin kallo caji ya ƙare, gilashin ya yi baƙi.
Na ce, to yanzu ina take?

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa,
da takarda mai faɗin tafin hannu ya ƙetare Seme.
A cikin hula yake ɓoye ta.
In an tsare shi sai ya tuɓe hular,
gaisuwa da shaida a motsi guda.
Shi ya koya mini, abin da ke hannunka shi ne naka,
saura labari ne.

In kin sauka can, cikin sanyin da ban sani ba,
wani mai kaki ya dubi na'ura ya ce ba ta san ki ba,
me za ki ɗaga sama?
Me za ki ajiye masa a tebur?

Ta ce, Baba, ka manta ruwan bara
da ya shiga ɗakin Barau mai shayi,
ya mai da fasfonsa kamar gasarar koko?
Yaran Oshodi sun iya yanka aljihu,
amma wa ya taɓa yanka aljihun iska?

Na yi shiru.
Gaskiya ko a bakin ɗanka ta fito, ɗacinta ɗaya ne.

Da dare, janaretan maƙwabci na tari,
na auna wayarta da zare tana barci.
Na fitar da fatar da na daɗe ina rowa,
na yanka, na huda wa idon kyamara ƙofa.
Da safe na sa ta rubuta kalmar sirrin
a 'yar takarda, na ninka huɗu,
na ɗinke ta tsakanin fata da shafi.
Ta ce, an hana a rubuta fa.
Na ce, kunnen nan ya daɗe ba ya ji sosai.

Fasfon kuma na sa masa tsohuwar riga.
Ta yi masa yawa.